Lambobin Ciwon Mai Aski

Fuskarsa na cikin ramin da aka yi wa gadon asibitin, ba abin da yake gani sai tayil ɗin ƙasa da fararen takalman 'yarsa, lokacin da ta jefo masa tambayar da ta ɗaure masa kai.

"Baba, daga sifili zuwa goma, ciwon nawa ne yanzu?"

Shi fa mai aski ne. Shekara talatin da ɗaya yana tsaye a kan kawunan mutane. An tambaye shi lambar kilifa, an tambaye shi lambar waya, amma lambar ciwo, wannan kam bai taɓa jin an tambayi ɗan Adam ba.

"Goman wane iri ne?" in ji shi, muryarsa na fitowa ta ƙarƙashin gado.

"Ciwon da ba ka taɓa jin irinsa ba."

"To abin da ban taɓa ji ba, ta ina zan san nisan da ke tsakanina da shi?"

"Baba, don Allah."

"Ciwo ne dai, Auta. Yana nan a ƙugu inda kika bar shi jiya."

Takalman suka matso. Ya san wannan tsayuwar, irin ta uwarta ce in haƙuri ya kusa ƙarewa. Sai ya lalubo lambar da ba za ta sa a ce shi rago ne ba, ba kuma za ta sa a ce yana wasa da hankalin mutane ba, ya ce bakwai. Ya ji biro yana tafiya a kan takarda.

Yadda aka yi ya tsinci kansa a wannan gado kuwa, mataji ne sila. Shekara uku ke nan ƙugun yana damunsa, yana cijewa, yana ce wa kowa gajiya ce. Ranar wata Talata mataji ya suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, shi ke nan, bai miƙe ba. Ya tsaya a lanƙwashe, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya riƙe da kilifa tana ta kuka, ga mutum a kujera an aske masa rabin kai. Sai da mai kemis na maƙwabta da Direba, abokin mai askin, wanda ya yi ritaya ya mai da bencin shagon ofishinsa, suka ciccibe shi zuwa mota. Mai rabin kai ya tsallaka titi da hula aka ƙarasa masa.

A ƙarshen wannan satin babban ɗansa ya tara gida. Babba ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma shi in ya tsorata faɗa yake yi. Ya ce shago ya ƙare, su sun girma, za su riƙe uban. Mai aski ya ce a kan me? Shagon nan kujera ɗaya ce da madubi ɗaya da taga ɗaya, amma a cikinsa ya san kansa. Ya san ƙeyar da ke da tabo, ya san wanda ke jin cakulkuli a bayan kunne, ya san wanda ba ya son a yi masa zancen furfura. A ce ya bar wannan ya koma falo yana canza tasha? Suka yi ta ɗaga murya har matarsa ta tashi ta rufe taga.

Auta ce ta raba gardamar. Shekararta biyu da fara aiki a sashen gashin ƙashi na wani ƙaramin asibiti, ta kuma gaji da jin ana maganar bayan mutum kamar maganar siyasa. Ta ce akwai hanyoyi uku na aikin hannu da ake gwada wa irin wannan ciwo, kuma jiki jiki ne, abin da ya karɓi wani ba lalle ya karɓi wani ba. A ba ta sati shida. Kowace hanya sati biyu, sau uku a sati, tana rubuta lamba. In a ƙarshe ciwon ya sauka zuwa uku ko ƙasa, shago na nan, a ci gaba da hanyar da ta fi. In bai sauka ba, Baba ya rufe da hannunsa. Babba ya ce ya yarda. Mai aski ma ya ce ya yarda, don a lokacin sati shida ya yi masa kama da shekara.

Hanya ta farko tausa ce. Kai, wannan ita ce jin daɗin duniya! Ta shafa mai, ta bi naman da ke gefen ƙashin bayan nan da 'yan yatsu da tafin hannu, tana murza inda ya ɗaure har ya saki, rabin awa cur. Sau biyu barci ya sace shi, har yawu ya ɗiga ta ramin gadon, ya yi ta addu'ar kada ta lura. Yakan tashi sakayau. Amma kafin bas ta sauke shi a bakin titin shago, ciwon ya riga shi isa, yana zaune yana jiransa.

Nan ne lissafin ya fara kwaɓe masa. Ya tambaye ta, wane ciwon take so? Na asuba, wanda ke hana shi juyi? Na azahar, bayan kai biyar? Ko na nan kan gado, wanda ke lafewa da ya ga farin kaya?

"Na yanzu, Baba."

"Na yanzu ai munafuki ne."

"To na jiya gaba ɗaya, a dunƙule."

A dunƙule! Yaya ake dunƙule yini guda? Ya yi iya ƙoƙarinsa tsakaninsa da Allah. Ya ce bakwai, ya ce shida, ya koma bakwai, wata rana ya ce shida da rabi, ta ce babu rabi, ya ce to ta zaɓa masa, ta ce ba ita ke jin ciwon ba. A cikin waɗannan kwanaki ne matarsa ta sa aka kawo wani falankin katako ta shimfiɗa a ƙarƙashin katifa, wai wata a wurin aikinta ta ce yana maganin baya. Bai faɗa wa Auta ba. Ba ɓoyewa ya yi ba, bai ga abin da ya haɗa katako da littafinta ba ne kawai.

Hanya ta biyu ba ta da armashi. Babu mai, babu barci. Ta ɗora gindin tafin hannunta a kan gaɓar ƙashin baya guda ɗaya, ta danna a hankali, ta saki, ta danna, ta saki, tana ƙirge a ƙasan numfashi, sannan ta sauka zuwa ta gaba. Kamar mai gwada nunar gwanda a kasuwa. Wani wurin ba ya jin komai, wani wurin kuwa wani dum yake ji har cikin cinya. Minti goma sha biyar ta ce ya tashi. Ya ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan. Ya tafi yana ganin an rage masa mudu.

A satin ne mai kemis ya leƙo ya same shi ya dafa bayan kujera yana hutawa tsakanin kunne da kunne. Ya koma ya ɗauko wata doguwar kujera mai dogayen ƙafafu marar majingina da yake zama a kai bayan kanta, ya ajiye masa. Mai aski ya ce Allah ya kiyaye, mai aski a zaune? Ai sai a ce ya mutu bai sani ba. Amma da rana ta yi, titi ya yi shiru, ya ɗan ɗosana ɗuwawu. Washegari ya ƙara. Kafin sati ya zagayo yana yin rabin aikinsa a kanta, yana zabura ya miƙe in ya hango wanda ya sani. Wannan kam da gangan ya ɓoye wa Auta, kunya yake ji. Ita kuma matarsa, ana cikin haka, ta janye katakon, ta ce shi bai warke ba ita ga shi kwankwasonta zai tafi.

Ranar wata Alhamis burushi ya faɗi, ya sunkuya ya ɗauka, ya ci gaba da kaɗe wuyan mutum. Sai da ya kai ƙofa yana sallamarsa sannan ya tsaya cak. Ya sunkuya fa! Ya dafa ƙugun yana lalube, ciwon na nan, amma ya ja baya. Dannawar ce? Kujerar ce? Cire katakon ne, ko kuwa sa shin da aka yi ne sai yanzu ya fara aiki? Ko tausar ce ta makara a hanya? Ya juya abin har kansa ya yi zafi. Da Auta ta tambaya ya ce biyar, yana jin kamar gaskiya ya faɗa.

Babba yana bugo waya duk ƙarshen sati, gaisuwa biyu sai tambaya. "Nawa aka samu?" Da ya ji biyar, ya ce, "Madalla, Baba. Amma biyar ba uku ba ce." Bai faɗa da mugunta ba, har da taushi a muryarsa, abin da ya fi ɓata wa uban rai ke nan. Mai aski ya ajiye wayar ya tsaya a tagar shago. A tsallaken titi sabon shagon aski ne mai kujera uku, samari uku, kiɗa har waje. Ya ƙirga da yatsu, zuwa shida ya rage masa.

Hanya ta uku ita ce abin alfaharin Auta. Kwas ta je na musamman ta koyo ta, kuma ranar farko ogan sashen da kansa ya shigo ya tsaya a bakin labule ya harɗe hannu, wani ƙato mai ƙaramar murya. Ta kwantar da uban ta gefe, ta lanƙwashe masa ƙafa ɗaya, ta ja kafaɗarsa baya, ta jingina damtsenta a kwankwasonsa.

"Ja numfashi, Baba. Saki. Saki duka."

Ƙas!

"Wayyo Allah!" Bai san lokacin da ta fito ba. Ya yi tsuru-tsuru yana jiran ya ji ko ƙafafunsa na nan. Suna nan. Ya sauko, ya taka, ya sake takawa. Wallahi kamar an sauke masa buhu. Oga ya gyaɗa kai ya ce hannu ya yi kyau, ya fita. Fuskar Auta ta washe irin washewar da rabonsa da gani tun ranar da ta ci jarrabawar shiga makaranta. Ya ce huɗu, kuma a wannan sa'ar ko rantsuwa aka ce ya yi zai yi.

Washegari da safe ya kasa sa takalmi. Ya zauna a bakin gado yana kallonsu, su ma suna kallonsa, sai da ya tura ƙafa ya take bayansu ya fita kafin matarsa ta fito daga wanka. Ya isa shago ya tarar babu doguwar kujera. Matar mai kemis ta fara zuwa taya shi aiki, ga ta da tsohon ciki, an mayar mata. Ya yini a tsaye. To yanzu wa ya kayar da shi, murɗar ko tsayuwar? Direba ya gan shi yana tafiya kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa, ya zaro wasu ƙwayoyi daga aljihun riga.

"Sha biyu. Ni da su nake rayuwa. Nawa ƙugun ai ya girmi naka, shekara arba'in a kan sitiyari."

Ya sha. Ciwon ya dushe, shi ma ya dushe. Daga nan abin ya zama zagaye: a murɗa shi, ya yi awa guda yana saurayi, ya kwana, ya tashi tsoho tukuf, ya sha ƙwaya, ya miƙe ya tafi a sake murɗa shi. In ta ɗauko littafi sai ya ga tagar shagonsa, ya ga fuskarta, bakinsa ya buɗe da kansa. Uku. Uku. Uku. Biyu. Abin da ya fi rikita shi, in ya ce uku sai ya ji kamar ukun ce, har ya kai ƙofar asibiti yana gaskata kansa. Ranar ƙarshe ya sake cewa biyu. A lokacin ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai iya faɗin ainihin lambar ba, ta ɓace masa.

Aka sake taruwa a falo. Ya sha ƙwayarsa tun da wuri, ya zauna a miƙe kamar ɗan sanda. Babba ya karɓi littafin ya bi shi layi layi da yatsa, ya koma farko ya sake bi. Sannan ya rufe, ya sauke ajiyar zuciya, idonsa ya kawo ruwa.

"Ka ci, Baba. Wallahi na ji daɗi da ka ci. Ka yafe mini ɗaga murya."

Daɗi ya kama mai aski har wuya, kunya kuma ta biyo bayansa ta zauna a kai. Matarsa na ta hamdala. Auta ta karɓi littafinta ta rungume.

"Ka ga amfanin rubutu ke nan," ta ce. "Da ido ne da sai mu ce tausa, tunda ita kake so. Amma ga shi ƙiri-ƙiri, ta ukun ce ta karɓe ka. Da ita za mu ci gaba, sau biyu a sati."

"Har yaushe?"

"Har sai mun ga abin da hali ya yi."

Ya ce to. Me zai ce? Shi ya gina ramin, shi ya auna zurfinsa. Ya yanke wa kansa cewa zai jure, shago ya fi ƙugu.

Da a kansa kaɗai abin ya tsaya, da wataƙila har yau yana can ana murɗa shi. Sai dai matarsa ba ta iya riƙe labari mai daɗi ba. Kafin kwana uku duk layin ya ji cewa 'yar mai aski da ƙas ɗaya ta tayar da ubanta. Ranar Laraba yana rufe shago zai tafi asibiti, sai ga Direba da wankakkiyar riga da katinsa a hannu.

"Mu je tare. Na gaji da ƙwayar nan, cikina ta fara ci."

A cikin bas Direba ya ƙura wa taga ido. Ya girmi mai aski da shekara tara, ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa. Can ya juyo.

"Tsakaninka da Allah, ta yi maka?"

"Eh to."

"Eh to, ko eh?"

"Ai ka ga ina tafiya."

"Ni fa tsoron ƙarar nan nake ji. Amma tunda kai ka ce."

Auta ta karɓe shi hannu biyu, Kawu sama Kawu ƙasa. Ta yi masa tambayoyi, ta sa shi ya sunkuya, ya ɗaga ƙafa, ta duba takardunsa. Mai aski na zaune a benci a bayan labule, yana jin komai. Ya ji ta ce ciwon nasu kusan iri ɗaya ne da na Baba. Ya ji ta ce da a da ne da sai ta fara da mai sauƙi, amma tunda ta ga yadda ta ukun ta yi wa Baba, ba sai an ɓata sati huɗu ba. Ya ji gadon ya yi ƙara.

"Kwanta ta gefe, Kawu. Yauwa. Kawo ƙafar nan."

Gumi ya karyo wa mai aski. Wataƙila ta yi wa Direba daidai, wa ya sani? Ba ita da kanta ta ce jiki jiki ne ba? Wataƙila ma shi ɗin ta yi masa, tsayuwa ce ta ɓata. Wataƙila. Amma ya ga tsohon nan gobe da safe a bakin gado shi kaɗai, matarsa ta rasu, ba mai miƙo masa ko takalmi.

"Ja numfashi, Kawu."

"Auta! Tsaya!"

Labulen ya buɗe. Ta leƙo a firgice, ta ɗauka faɗuwa ya yi.

"Zo, magana zan yi miki. Yanzu."

Ta ja shi wani ɗan ɗaki da ake ajiye tawul da robobin mai, ta tura ƙofa. Wurin bai fi tsayuwar mutum biyu ba. Ya rasa inda zai sa idonsa, ya sa shi a kan tawul.

"Lambobin nan na ƙarshe," ya ce, "ba nawa ba ne."

"Na wane ne?"

"Na shago ne."

Ba ta gane ba da farko. Da ta gane, sai fuskarta ta sauya a hankali. Ya faɗa mata takalmin. Ya faɗa mata ƙwayar Direba. Ta dafe kai. Tunda an fara, ya ce bari ya zazzage duka, ya faɗa mata doguwar kujera.

"Wace kujera kuma?"

"Ta mai kemis. A sati na uku ta zo, a na biyar ta tafi."

"Baba!"

"Sai katakon."

"Wane katako?"

"Na mamanki. Ya shiga a na farko, ya fita a na uku. Ko na huɗu. Ki tambaye ta."

Ta jingina da kanta, robobin mai suka yi kara-kara. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ta ɓoye ba.

"Na kai wa ogana littafin nan, Baba. Na tsaya a gaban mutum shida na yi bayani da shi. Yaya ya yi kuka a kansa. Ni kuma sati biyu ina murɗa ka, kana kwana da ciwo, ina komawa gida ina murna." Ta dubi tafin hannunta. "Da hannuna fa."

"Ba laifin hannunki ba ne."

"To na mene ne?"

"Ban sani ba. Abin da nake faɗa miki ke nan."

Ta share ido da bayan hannu, ta ja numfashi, ma'aikaciyar ta dawo.

"To mu bar littafi. Kai da bakinka, cikin ukun, wacce ta fi yi maka?"

Ya buɗe baki da niyyar ya ba ta amsa, don ta cancanci amsa. Tausa ta fi daɗi, amma ba ta kai shi ko shago. Dannawa, a lokacinta ne ya ɗauki burushi, amma a lokacin yana zaune rabin yini. Murɗa ta ba shi awa guda da bai taɓa samun irinta ba cikin shekara uku, ta kuma ba shi safiyar da bai taɓa gani ba, sai dai a tsaye yake yini, cikinsa cike da ƙwaya. Ya bi su gaba, ya bi su baya. Kowacce ya kama sai ta zame.

"Wallahi, Auta, ban sani ba."

Daga can bayan labule muryar Direba ta taso. "Jama'a, an manta da ni a lanƙwashe fa!"

"Miƙe ƙafarka, Kawu, ina zuwa! Yau tausa za mu yi!" Ta juyo ga uban. Ya riga ta.

"Kada ki faɗa wa yayanki."

"Ba zan yi masa ƙarya ba."

"Zai ce a rufe."

"Zai ce. Ni kuma zan ce ba a gwada komai ba tukuna, don ba a gwada ba. Sabon sati shida, daga farko. Ba ƙwaya, ba katako, ba abin da zai shigo ko ya fita ban sani ba." Ta ɗaga yatsa. "Kuma shago a rufe har mu gama."

"A rufe? To me ya rage? Ai shi ake faɗa a kai!"

"In yana buɗe, shi zai riƙa ba ni lamba, ba kai ba."

"In na rantse miki fa?"

"Baba, kai da kanka ka san lokacin da ka fara?"

Ya nemi ranar a ransa. Huɗun nan ta gaban oga, gaskiya ce ko ƙarya? Biyar ɗin fa? Har bakwai ɗin farko ya tuna yadda ya samo ta, ya ji kunya ta sake rufe shi. Ya girgiza kai.

"Mutanena za su tsallaka titi," ya ce a hankali.

"Za su tsallaka."

"Kai in ya saba da hannu, ba ya dawowa."

"Wataƙila wasu su dawo."

"Kuma bayan sati shidan, in lambar ba ta sauka ba?"

Ta ɗauki tawul ɗaya da robar mai, ta matse hannunsa sau ɗaya, ta fita wurin Direba.

Babba ya yi faɗa a waya har ya gaji, sannan ya ce sati shida, ba ƙari ko kwana ɗaya. Ranar Litinin da safe mai aski ya je shago da takardar da Auta ta rubuta masa da manyan baƙaƙe. Ya share ƙasa duk da ba gashi, ya zare wayar kilifa daga bango, ya lulluɓe kujerar da ƙyallen aski. Yana manna takardar a ƙofa sai ga wani tsohon malamin makaranta ya iso, jarida a hammata, mutumin da tun gashinsa na baƙi ba wanda ya taɓa masa kai sai shi. Malamin ya gyara tabarau ya karanta, ya sake karantawa.

"Sati shida? To ni yaya zan yi da wannan?" Ya cire hula ya nuna.

Mai aski ya dubi kan. Ya yi sati uku, gefen hagu ya fi tashi kamar kullum. Hannunsa har ya motsa. Ya mai da shi aljihu, ya juya ya dubi tsallaken titi, inda samarin nan uku suka riga suka kunna kiɗa.

"Ka je can," ya ce. "Kada ka zauna wa na tsakiya, gaggawa gare shi. Na bakin ƙofa kuma yana danna kilifa da yawa. Ka jira dogon nan na wajen taga, ko da layi. Hannunsa ya fi."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Ka ce masa ya bi a hankali a bayan kunnen dama."

Malamin ya mai da hularsa, ya yi masa fatan sauƙi, ya duba hagu da dama ya tsallaka. Mai aski ya tsaya har ya ga ya shiga, ya ga dogon ya nuna masa benci. Sannan ya murza makulli, ya taka a hankali zuwa inda bas ke tsayawa.